Lakeforest ma ta tafi kenan

Da na karanta cewa ƙarshen watan Maris na 2023 za a rufe kasuwar Lakeforest da ke Gaithersburg a jihar Maryland ta Amurka, wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Mai rahoton ya tsaya kan manyan shagunan da suka fice, su Sears da JCPenney, amma mu talakawa wajen cin abinci ne ya riƙe mu. A wancan lokacin, da 'yan daloli kaɗan za a cika maka mazubi da shinkafa da kayan lambu, ga mai miƙo ɗanɗanon kaza a tsinke ko ba ka saya ba. Ni dai kifi nake zaɓa, saboda sha'anin yanka. Lokacin hunturu ka zauna har magariba cikin ɗumi, yara na guje-guje, ba mai cewa ka tashi.

Kasuwar da aka buɗe tun 1978! Kowa ya koma oda ta Amazon, to wa zai biya haya? Gidaje da shaguna aka ce za a gina a filin. Madalla, sai dai ban ga alamar abincin can zai yi wannan arahar ba.