Sabon katin hoto: Ƙarin gudu ne ko ƙarin kuɗi?

A watan Janairun 2025, a taron baje kolin fasaha na CES a Las Begas ta Amurka, shugaban kamfanin Nvidia, Jensen Huang, ya ce sabon katinsu RTX 5070 na dala 549 zai yi aikin RTX 4090, wanda ya fito a 2022 kan dala 1,599. Duk wanda ya saba da kasuwa, da ya ji haka sai ya tuna araha ba ta ado.

Ga inda gizo ke saƙar. Katin hoto, wanda masu harkar ke kira GPU, aikinsa zana hotunan da ke gilmawa a fuskar kwamfuta. Fasahar DLSS 4 da ta zo da sabbin katunan kan bar katin ya zana hoto ɗaya na gaskiya, sai ƙirƙirarriyar basira ta cusa har guda uku na hasashe. Lissafin hotuna a daƙiƙa sai ya haura, wasa ya yi sumul a ido. Amma hannunka a kan linzami ba zai ji ƙarin saurin ba, mai tace bidiyo kuwa ko sisi bai ƙaru da wannan dabara ba. Ga shi ma'adanar 5070, wato inda katin ke ajiye bayanan aikin da yake yi, gigabait 12 ce, rabin ta 4090.

Ni dai a ganina, sauya kati duk lokacin da sabon zubi ya fito asarar kuɗi ce, kuma wannan zubin ya fi nuna haka. Kusan da salon ƙira ɗaya kamfanin TSMC na Taiwan ya sarrafa ƙwaƙwalwar zubin 40 (su 4090) da na 50 (su 5070), don haka babban ɓangaren ƙarin ƙarfin daga zuƙar wuta ya fito. RTX 5090, da ya fito a 2025 kan dala 1,999, yana cin wat 575, alhali 4090 wat 450 yake ci. Ba abin mamaki ba ne in Nvidia ba ya rawar jiki kan masu wasa. Yawancin kuɗinsa yanzu daga manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira yake shigowa.

A nan gida kuma lissafin ya fi ɗaci. Bayan da aka saki darajar naira a 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta zarce 1,500 a 2024. Ka ga ke nan a wannan canjin, 5090 ya doshi naira miliyan uku tun kafin kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa. Sannan ka sauya akwatin wutar kwamfutar zuwa mai wat 1,000, ka kuma roƙi Allah kada janareta ya shaƙe in an ɗauke wuta.

Kwanaki ƙanen wani abokina da ke tace bidiyon biki a Kano ya same ni, wai zai sayar da RTX 3060 ɗinsa ya ciko ya sayi 5060. "Yaya, ai lambar ma ta nuna ya fi," in ji shi. Na ce ya buɗe aikin da ke gabansa mu gani. Bidiyon kamu ne mai nauyi, an yi masa gyaran launi hawa-hawa, ma'adanar katin ta kusa cika maƙil. Nasa na 2021 gigabait 12 ne. Sabon da yake hange, duk da ya fi gudu, 8 ne kacal. Shiru ya yi yana sosa ƙeya.

Ban ce kowa ya zauna da tsohon kati ba. Wanda har yau yake fama da GTX 1060 na 2016, duk abin da ya saya yanzu zai ga bambanci kamar dare da rana. Haka wanda katin ke ciyar da shi, in sabo zai rage masa awa guda kullum wajen fitar da aiki, kuɗinsa za su dawo. Shi ma ya leƙa RX 9070 XT na kamfanin AMD, abokin gasar Nvidia, mai gigabait 16, da ya fito a Maris 2025 kan dala 599.

Shi dai yaron nan inbata ya saya da kuɗin cikon, 3060 ɗin na nan yana aiki.