Ba duk tsohon abu ne zinariya ba

Malam marubuci, ka ce finafinan da da littattafan zane sun fi na yanzu ta kowace fuska. Na yarda da rabi.

Dubi Tom and Jerry da William Hanna da Joseph Barbera suka fara a 1940. Da hannu aka zana kowane motsi, kusan babu magana, amma da kyanwar ta taka tarko ta yi tsalle, yaro da kakansa tare suke fashewa da dariya. Kyautar Oscar bakwai ai ba a banza ta zo ba. Haka Charlie Chaplin, ya fitar da City Lights a 1931 babu hira, alhali fim mai magana ya riga ya shigo tun 1927. Fuska da tafiya kawai suka ishe shi.

Amma fa kada son tsohon abu ya rufe mana ido. Ka buɗe littafin Tintin na Kwango, wanda mai zane Hergé ya fara a 1930, ka ga yadda aka zana baƙar fata: manyan leɓɓa, kamar marasa wayo. Wannan ban ga abin kewa a cikinsa ba, kuma ba zan miƙa wa yaro shi ba sai ina zaune kusa ina yi masa bayani.