Ranar da "Amin" Ta Maƙale Mini a Maƙogwaro

Ƙannena na zumuntar matasa, da ku 'yan ƙungiyar mawaƙa, bari in fara tona wa kaina asiri kafin in taɓa naku.

Wata Lahadi ce a watan Disamba, ana sujadar godiya a majami'ar ƙauyenmu. 'Yan birni duk sun dawo Kirsimeti. Cikinsu har da wani da muka yi firamare tare, wanda a bayana yake zama yana leƙen lissafina. Ya iso da mota mai baƙin gilashi, yara suka kewaye ta suna duba fuskokinsu a jikinta. Da aka zo kan baiko na gini, ya miƙe ya ce ya ɗauki nauyin kwanon rufi gaba ɗaya. Mata suka rangaɗa guɗa. Fasto ya sa masa albarka, jama'a suka amsa da amin, ni kuwa ina riƙe da littafin waƙa, bakina ya ƙi buɗewa. Abin da ya fito daga baya shi ne raɗar da na yi wa na kusa da ni: "Allah kaɗai ya san inda aka samo kuɗin nan."

Ashe Mama tana layin bayanmu. Ba ta ce uffan ba sai da dare, tana kwashe tuwo. "Ɗana, ka gan shi ya ɗauki na wani ne?" Na ce a'a. "To wa ya gaya maka?" Na yi shiru. Ta tura mini kwano ta ce in ci, tun da dai nawa tuwon bai ragu ba.

Hassadar ɗan majami'a wayo gare ta, ba ta fitowa da sunanta. Takan sa rigar tsoron Allah. Da ka ji "ai kuɗin jini ne", ko "mu dai namu na sama ne", ko "masu kuɗin nan fa ba sa barci", to ka saurara da kyau. Wannan ta ƙarshen ma ta fi ba ni dariya yanzu, domin na san masu kuɗi da suke sharar barci har da minshari. Muna faɗa ne don zuciyarmu ta yi sanyi, wato ba za mu huta ba sai mun tabbata shi ma yana shan wata wahala a ɓoye.

Ku buɗe Zabura ta 73. Wanda ya rubuta ta, Asaf, shugaban mawaƙa ne da Sarki Dawuda ya naɗa, mai buga kuge a gaban akwatin alkawari. Irinmu ne ke nan, ma'aikacin cikin gida. Ya ce saura kaɗan ƙafarsa ta zame, don ya ga mugaye suna cikin daula, jikinsu lafiya lau, ƙiba har ta turo musu idanu. Sai ya furta abin da da yawanmu muke ɓoyewa: ashe a banza na tsare zuciyata da tsabta? A nan ƙashin bayan maganar yake. Mai ƙyashi yana tsammanin da maƙwabcinsa yake rigima, alhali ƙarar Allah yake yi, cewa bai iya rabo ba. Ni da nake zuwa koyon waƙa sau biyu a mako, ni da ban taɓa fashin zakka ba, a tsallake ni a ba wa mai leƙen lissafi? Haka ma'aikatan gonar inabi suka yi a Matiyu 20. Sun yarda da dinari guda tun da sassafe, aka biya su cif, ba wanda ya cuce su. Ganin an ba na ƙarshe daidai da nasu ne ya ɓata musu rai, har mai gona ya tambaye su ko alherinsa ne ya tsone musu ido.

Asaf bai warke ta hanyar samun kuɗi ba. Ya ce abin ya ci gaba da damunsa har ya shiga wuri mai tsarki na Allah, ya dubi ƙarshen al'amari, ya gane cewa lokacin da ransa ke ɗaci ya zama kamar dabba a gaban Ubangiji. Shi ya kira kansa haka, ba ni ba.

In kuna zaton samu yana kashe hassada, ku tuna Ahab. Sarki ne a Samariya, ya gina gida da hauren giwa, amma ya haɗa ido da garkar inabin Nabot a Yezireyel, yana so ya mai da ita lambun ganye. Da Nabot ya ce gādon kakanninsa ne ba zai sayar ba, sarki guda ya tafi ya kwanta, ya juya fuska, ya ƙi cin abinci, kamar yaron da aka hana alewa. Ƙarshenta matarsa Yezebel ta shirya shaidun zur aka jajjefe bawan Allah. Duk a kan fili ɗan mitsitsi.

A zamaninmu garkar Nabot tana cikin waya. Kana kwance a ɗaki ba wuta, kana ta jan Facebook da Instagram, wannan ya sayi fili, waccan ta tafi Ingila, wancan ya yi aure da motoci a jere. Kafin ka ajiye wayar, shinkafa da waken da ka ci da daɗi ɗazu sun zama abin kunya. Daga nan ne ake kamo mutum. Da yawanku kun isa tuna MMM, harkar zuba kuɗin nan ta yaudara mai alkawarin riba mai yawa, da yadda ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, ana dab da Kirsimeti. Yawancin waɗanda suka shiga ba lissafi ya kai su ba, ganin wane ya samu ne. Yau kuma cacar ƙwallo ce ke lashe kuɗin makaranta. Bulus ya riga ya gaya wa Timoti cewa masu ɗokin yin arziki sukan faɗa tarko, suna soke kansu da baƙin ciki iri-iri. Hausawa suka taƙaita: kwaɗayi mabuɗin wahala.

Kada wani ya fita nan ya ce na hana neman na kai. Bulus ɗin da ya rubuta wa Filibiyawa daga kurkuku cewa ya koyi wadar zuci a ƙoshi da yunwa, shi ne ya zauna ɗinkin tanti da Akila da Biriskila a Korinti, shi ne kuma ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Ku lura ya ce "koya" ya yi. Abin da ake koya yakan ɗauki lokaci, ana faɗuwa ana tashi. Kuma dukiya ba laifi ba ce: Ayuba yana da tumaki 7,000 da raƙuma 3,000, Lidiya 'yar kasuwa ce mai sayar da tufafin shunayya, kabarin da aka sa Yesu ma na attajiri ne, Yusufu mutumin Arimatiya.

Akwai kuma fushin da yake daidai. Wanda ya danne ladan ma'aikaci, ko ya wawure kuɗin asibiti, Yakubu 5 ba ta raga masa ba, mu ma bai kamata mu yi shiru ba. Ga dai yadda nake gwada kaina: da za a miƙo mini makullin motar nan yanzu, fushin zai tafi? In zai tafi, to ba adalci ke ci mini rai ba.

Bayan maganar Mama, sai da na yi kwana uku kafin na iya taka ƙafa gidansu abokin nan. Na yi masa barka da arziki, muryata na rawa. Ya yi murna, ya tuna mini lissafin firamare, muka yi dariya, na dawo a ƙafa yadda na je. Tun daga nan na sa sunansa cikin addu'ata ta safe, ina roƙon Allah ya ƙara masa. Makon farko kamar ina haɗiyar maɗaci. Har yau in ya sa sabon hoto nakan ji ɗan tsinke ya soke ni, sai in kira sunansa a gaban Allah tun kafin abin ya yi tsiro. Kwanon da ya saya kuwa a ƙarƙashinsa muke koyon waƙa, damina uku ke nan ba mu matsar da benci saboda yoyo ba.