Takunkumin da bai taɓa aljihun mai bindiga ba, wa yake hukuntawa?

A Tawa, idan aka ce takunkumi ba sai an yi dogon bayani ba, don mun ɗanɗana. Ranar 30 ga Yulin 2023, kwana huɗu bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, shugabannin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, suka taru a Abuja suka rufe mana iyakoki, suka tsayar da hada-hadar kuɗi, Najeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da ke ɗauke da kusan kashi 70 cikin 100 na bukatar ƙasar. Manyan motoci suka yi cirko-cirko tsakanin Ƙonni da Illela. Mai albasar Galmi ya zauna yana kallon buhunansa suna tsiro, mai ciwon suga yana zagaya shagunan magani ana ce masa kaya na Kwatano, ba hanya. Aka ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, sojoji na kan mulki, Bazoum na tsare, Nijar kuwa ta riga ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar.

Shi ya sa yau in rediyo ya ce an ƙaƙaba wa wani janar na Sudan takunkumi saboda kisan fararen hula, sai ka ji an yi tsaki a majalisa: makircin Turawa ne kawai. Na fahimci tsakin, amma ban yarda a zubar da makamin gaba ɗaya ba. Wanda aka yi mana na juyin mulki ne, kuma kowa ya shafa, har jariri. Akwai wani iri dabam, wanda ke bin sawun kuɗin da ake sayen harsashi da su, shi kuwa ya taɓa yin aiki a nahiyar nan tamu.

Takunkumin kan-mai-uwa-da-wabi an gwada shi a Iraƙi tun 1990. Saddam bai rasa abincin dare ba, asibitoci ne suka rasa magani, har jami'an Majalisar Ɗinkin Duniya biyu da ke kula da agaji a can, Denis Halliday a 1998 da Hans von Sponeck a 2000, suka ajiye aiki don nuna ƙin amincewa.

A Saliyo kuwa, 'yan tawayen RUF da suka shahara da datse hannuwan mutane da lu'ulu'u suke ciyar da yaƙinsu, Laberiya ta Charles Taylor ce kasuwarsu. Kwamitin Sulhu ya hana sayen lu'ulu'un Saliyo marar takarda a 2000, ya hana na Laberiya a 2001, ya ƙara da katako a 2003. Ba takunkumi kaɗai ya kori Taylor a watan Agustan 2003 ba, 'yan tawaye sun iso bakin Monrovia, amma lalitarsa ta riga ta yi sauƙi. A 2012 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 50.

To mu dubi Sudan, inda ɗan'uwanmu musulmi ke kashe ɗan'uwansa tun Afrilun 2023. Akwai haramcin kai makamai Darfur tun 2004, shekara ashirin ke nan da ɗoriya, kuma makamai ba su taɓa daina shiga ba. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ruwaito cewa a garin El Geneina kaɗai an kashe mutum tsakanin 10,000 da 15,000 a 2023, akasarinsu 'yan ƙabilar Masalit. Sai a Janairun 2025 Amurka ta ce dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin ƙasar, sun aikata kisan ƙare dangi, ta sanya wa shugabansu Hemedti takunkumi, kwanaki kaɗan bayan haka ta sanya wa shugaban sojojin ƙasar, Janar Burhan, nasa. Yaƙi bai lafa ba. A Oktoban 2025 El Fasher ta faɗa hannun RSF, aka sake jin labarin kisan gilla.

Me ya hana shi tasiri? Hana Hemedti bizar Amurka ba ya hana shi barci. Ƙarfinsa a zinariya yake, zinariyar Sudan kuwa mafi yawanta Dubai take sauka. Ana zargin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da bai wa RSF makamai, ita kuma tana musantawa. Amurka ta sa wasu kamfanoni bakwai da ke can cikin jerin, amma ba wanda ya taɓa kasuwar kanta, domin mai kasuwar aminin manya ne. An bar jaki ana dukan taiki.

Mu ma nan jihar Tawa muna da abin tunawa. Ranar 21 ga Maris 2021 mahara a kan babura suka kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tiliya, harin da ake dangantawa da reshen IS na Sahel. Sunan wannan ƙungiya yana cikin jerin takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya tun kafin ranar. Mutumin da ba shi da asusun banki, ba ya hawa jirgin sama, me toshe asusu zai rage masa? Wanda za a iya kamawa shi ne dillalin da ke sayen shanun sata, da mai kai man fetur daji cikin jarkoki, da mai sayar da babura ba tambaya. Waɗannan ba a New York ake neman su ba, a kasuwanninmu suke, kuma aikin hukumominmu ne.

Masu cewa akwai son kai ba ƙarya suke yi ba. Amurka ta sha hawa kujerar naƙi don kare Isra'ila kan Gaza, Rasha kuma da nata naƙin ta kashe tsarin takunkumin Mali a Agustan 2023. Duk mai uban gida a cikin ƙasashe biyar masu kujerar naƙi a Kwamitin Sulhu ya tsira. Sai dai matar da ta gudu daga El Geneina zuwa Adre a Cadi da goyo a baya, ba ta da wata riba in aka ƙyale wanda ya ƙone gidanta don kawai an ƙyale wani a wani wuri.

Abin da ya kamata mu nema shi ne a bi matatar zinariya, da kamfanin jirgin dakon kaya, da bankin da kuɗin ke ratsawa, a kuma ware abinci da magani tun ranar farko, kamar yadda ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 2664 na Disamban 2022 ya tanada ga kayan agaji. Wannan hanya mu ma za ta taɓa mu. Zinariyar da samarinmu ke haƙowa a Jado da Cibarkaten ita ma Dubai take nufa, kuma ranar da aka tilasta wa masu saye su nuna asalin kowane giram, sai Nijar ta iya ba da takardar da duniya za ta gaskata, in ba haka ba tamu ma a haɗa ta da ta Darfur a ƙi saye.