Kaka da Ɗan Boko: Maganar Buzuzu

Ɗan Boko ya dawo hutu, tun safe yana kwance yana ta zuƙo wani hoto a waya, can sai ga Kaka ta leƙo ta bayansa.

Kaka: Kai maigidan, wace ce kake ta ƙura wa ido haka tun ɗazu, kishiya aka yi min ban sani ba?

Ɗan Boko: Wace irin kishiya kuma Kaka, binciken gama digiri na ne fa.

Kaka: Miƙo in gani... Innalillahi! Buzuzu? Yanzu shekara huɗu ana ta biya maka kuɗin makaranta ashe gungura kashi ka je karantowa?

Ɗan Boko: Toh kin ga tun nan kin faɗi jarabawa, nawa baya gungura komai. Su buzuzu kashi uku ne.

Kaka: Ai daman kashi ne, ko ɗari ne.

Ɗan Boko: Ba wannan kashin ba, rukuni nake nufi. Akwai masu dunƙulawa su gungura su kai nesa su binne, su kika sani. Akwai masu haƙa rami a ƙarƙashin kashin suna ja suna turawa ciki. Sai na ukun, ƙananan, su dai shigewa ciki kawai suke, nan za su ci nan za su kwana nan za su yi ƙwai nan tsutsar za ta girma, ba ɗauka ba haƙa, to waɗannan su ne nawa, Aphodiinae.

Kaka: Afuwan? Me ka yi min?

Ɗan Boko: Sunan dangin kenan, wani bature Leach ya raɗa musu a 1815. Sun haura iri 3,000 kuma yawancinsu ko santimita ɗaya basu kai ba, farcen ƙaramin yatsanki ya fi su.

Kaka: Iri 3,000! Wa ya zauna ya ƙirga? Wato mutum da hankalinsa da gemunsa ya tsuguna gaban kashin saniya da tsinke yana ɗaya biyu uku?

Ɗan Boko: Har da madubin ƙara girma ma. Ki ga wannan mai jan bayan da baƙin kai, Linnaeus ɗan Suwidin ne ya fara rubuta shi a 1758, Aphodius fimetarius ake ce masa yanzu.

Kaka: Oh, suna kamar na mai sarauta. Me yake nufi?

Ɗan Boko: Na ƙarshen da Latin... kamar dai ki ce na juji, na cikin taki.

Kaka: Mtsww. Duk wannan murɗe bakin ashe ɗan juji ake son a ce.

Ɗan Boko: Ai baki ji komai ba, sama da shekara 200 ana ɗaukan sa abu ɗaya, sai a 2001 aka leƙa ƙwayoyin halittarsa aka ga ashe iri biyu ne masu kama kamar an tsaga kara, dole aka ware ɗayan aka ce pedellus. Shi kansa gidan Aphodius ɗin da can duk wani ƙaramin buzuzu da aka rasa inda za'a kai shi can ake jefa shi har ya cika ya batse, daga baya masana suka farfasa shi gida gida, wasu suka yarda wasu suka ƙi, shiyasa sai ki buɗe littafi biyu ki ga ƙwaro ɗaya da suna biyu, wlh ni kaina ya kusa juya min kai.

Kaka: Shi buzuzun an tambaye shi?

Ɗan Boko: Haba Kaka.

Kaka: Yo ana ta rabon gado a kansa shi yana ciki yana ta harkarsa. To a ina suke da zama su waɗannan malalatan?

Ɗan Boko: Ko'ina in banda Antatika, can ƙanƙara ce zalla. Amma sun fi ƙarfi a ƙasashen sanyi na arewacin duniya, Turai da arewacin Asiya da Amurka ta arewa. Inda ake zafi manyan ne ke mulki, kafin ƙaramin ya gama gyara zama masu gungurawa da masu rami sun kwashe kayan, abin da ya rage kuma rana ta busar.

Kaka: Maganin rago kenan.

Ɗan Boko: Kuma fa ba dukansu ke cin kashi ba, wasu ruɓaɓɓen ganye, wasu cikin yashi, wasu ma a gidan gara da tururuwa suke raɓewa.

Kaka: Can ma zaman cin banza. Shin suna da wani amfani kuwa?

Ɗan Boko: Tambayi mutanen Ostareliya. An kai musu shanu a 1788, buzuzun ƙasar kuma da busasshen kashin kangaru, wata dabbar can mai tsalle, ya saba, ya ga na saniya jagab ya ce ba da shi ba, kashi ya rufe filayen kiwo ƙuda ya addabi kowa, sai da hukumar binciken su CSIRO ta yi shekara 20 daga 1965 zuwa 1985 tana shigo da buzuzu daga Afirka da Turai, wani George Bornemissza ne ya kawo shawarar, iri 23 suka zauna.

Kaka: Buzuzu da biza! Naka aka ɗauka?

Ɗan Boko: Toh... gaskiya yawanci masu rami aka ɗauka. Mai jan bayan nan shima yana can amma ba kai shi akayi da niyya ba, tsintar sa kawai akayi, haka ma ya shiga Amurka.

Kaka: Gayyar soɗi! Yanzu na gane karatun. Ubanka mai gungurawa ne, kullum yana waje yana turo abu gida. Uwarka mai rami ce, abin da ya shigo ta adana. Kai kuma tun da ka dawo kana ciki, nan ci nan kwana.

Ɗan Boko: Na yarda Kaka. Amma kin lura da abin da kika mai da gidan naki kuwa?

Kaka: ...

Kaka: Miƙo min takalmin can.

Ɗan Boko: Wanne?

Kaka: Mai nauyin.