Jirgin da ya nutsar da Laconia, shi ya tsaya tsamo mutanenta

Yadda aka koya mana Yaƙin Duniya na Biyu a makaranta, Ingila da Amurka su ne mutanen kirki, Jamusawa kuwa shaiɗanu, shi ke nan. Ban zo wanke Hitila ba, Allah ya kiyaye. Amma ga tarihin wani jirgin yaƙin Jamus mai tafiya a ƙarƙashin teku, U-156, da nake so 'yan'uwana na Katsina su duba. Mu da babban ruwanmu bai wuce dam ɗin Jibiya ko na Zobe ba, sai mu ɗauka abin ya yi mana nisa, alhali a tekun da ke gaban Afirka ta Yamma aka yi shi, tekun da kakanninmu sojoji suka ratsa daga Legas a kan hanyar zuwa yaƙin Bama.

An ƙera jirgin a Bremen, ya fara aiki a 1941 a hannun kwamanda Werner Hartenstein. Aikinsa kisa ne, kada mu yi wa kanmu ƙarya: ya nutsar da jiragen kaya kusan ashirin. A Fabrairun 1942 ya je ya buɗe wa matatar mai ta tsibirin Aruba wuta, sai aka manta ba a cire murfin bakin igwar ba, ta fashe ta kashe sojansu guda. Da zarto suka yanke wurin da ya lalace, suka ci gaba da harbi da ita.

Ranar 12 ga Satumba 1942, kusa da tsibirin Ascension, ya harbi Laconia, wani babban jirgin fasinja na Ingila mai ɗauke da mutane sama da 2,700. Bayan ta fara nutsewa ne Hartenstein ya ji ana ihu da yaren Italiya. Ashe a cikinta akwai fursunonin yaƙi 'yan Italiya kusan 1,800, abokan Jamus ke nan, ga kuma mata da yara. Wani zai ce don 'yan Italiyar ne kawai ya tsaya. Wataƙila da haka ya fara. Sai dai da ya shiga tsamo mutane bai tambayi ƙasar kowa ba. Ya cika jirginsa da mutum kusan 200, ya ɗaure kwale-kwalen ceto huɗu yana ja. Sannan ya yi abin da ke iya jawo masa mutuwa: ya aika saƙon rediyo da Ingilishi a fili, ya faɗi inda yake, ya yi alkawarin ba zai taɓa duk jirgin da ya zo taimako ba muddin ba a taɓa shi ba. Jirgin da ɓuya ce garkuwarsa, ya yi kwanaki a saman ruwa da tutar Red Cross a shimfiɗe.

Ranar 16 ga watan wani jirgin saman Amurka, B-24, ya taso daga Ascension ya gan su, ya ga tutar. Matuƙin ya nemi umarni, Kyaftin Robert Richardson, jami'in Amurka da ke kan aiki a Ascension, ya ce a nutsar da U-156. Bom ya faɗa cikin kwale-kwalen waɗanda aka ceta. Dole Hartenstein ya sauke mutanen ya koma ƙarƙashin ruwa. Washegari jiragen Faransa da suka taso daga Dakar da wasu tashoshi suka kwashe sauran. Sama da mutum 1,600 sun mutu a lamarin baki ɗaya.

A ranar 17 ga watan ce kuma Admiral Karl Dönitz, shugaban jiragen ƙarƙashin teku na Jamus, ya hana jiragensa sake ceton kowa, umarnin da aka sani da sunan Laconia. Wannan umarni mugu ne, ba na shakka, kuma ya ci rayuka. Amma a shari'ar Nuremberg, wadda aka yi wa shugabannin Jamus bayan yaƙin, da aka kawo umarnin a matsayin hujja a kan Dönitz, sai ga rubutacciyar shaidar Admiral Nimitz na Amurka cewa su ma haka jiragensu suka yi yaƙi a tekun Fasifik, suna nutsar da jirage ba gargaɗi tun daga ranar farko. Laifi tudu ne. Kotu ta ɗaure Dönitz shekara 10, amma ba ta gina hukuncin a kan karya dokokin yaƙin ƙarƙashin teku ba.

Ni a nawa ganin, alhakin waɗanda suka mutu a kwale-kwalen nan yana wuyan wanda ya ba da umarnin jefa bom bayan an faɗa masa akwai tuta, kamar yadda alhakin Laconia ke wuyan Hartenstein. Shi Hartenstein bai kai ƙarshen yaƙin ba. Ranar 8 ga Maris 1943 wani jirgin saman Amurka ya nutsar da U-156 a gabas da Barbados, mutum 53 da ke cikinsa ba wanda ya tsira. Richardson kuwa ba a taɓa gurfanar da shi gaban kotu ba, har ya yi ritaya yana Birgediya Janar.