Ku kai yaranku Kiribi su ga teku

Jama'a yau dai sai na faɗi abin da ke raina. Mu mutanen Garwa da Marwa da Ngaundere muna da kuɗin anko muna da kuɗin biki, amma ka ce wa mutum ya ɗauki iyalinsa su je Kiribi, garin bakin teku a kudancin Kamaru, kwana uku sai ya ce maka wannan ai aikin Turawa ne. Wallahi ba haka ba ne, ƙasarmu ce fa, ba biza ba fasfo, ka hau jirgin ƙasa a Ngaundere ka kwana a ciki ka wayi gari a Yawunde, ka kama bas ta Edeya, in jirgin bai makara ba kafin magariba iskar teku na dukan fuskarka.

Kuma don Allah in kun je kada ku maƙale a otal. Ku tafi Lobe, bai kai kilomita 10 kudu da gari ba, mashin ma zai kai ku. Kogi ne ya ratso daji ya hau kan duwatsu ya zubo kai tsaye cikin teku, ruwan daɗi na faɗawa ruwan gishiri a gaban idonka, ƙarar kuwa sai ka ɗaga murya na kusa da kai zai ji ka. 'Yata mai shekara tara wadda ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi Binuwai ba ta riƙe hannuna gam tana kallon teku, can ta ce Baba wai ina ƙarshensa? Na kasa ba ta amsa, subhanallahi kawai na iya cewa. Masu kwale-kwale za su kai ku har gindin ruwan, feshi na jiƙa muku kaya, amma ku gama ciniki tun kuna kan yashi. Nan bakin ruwa mata ke soya jatan lande da tafarnuwa da barkono, daga kogin aka kamo shi, kuma sunan Kamaru ɗin ma daga sunan jatan lande ya samo asali a yaren mutanen Fotugal.

Abu ɗaya ne bai kwanta mini ba, yadda ake ɗibar baƙi a kwale-kwale a kai su ƙauyen ƙabilar Bagiyeli cikin daji ana ta ɗaukar mutanen ƙauyen hoto kamar kayan kallo. Mutane ne masu mutunci, in za ka je ka yi sallama ka nemi izini kafin ka ɗaga waya.

Da yamma sai wajen sauke kifi a bakin kogin Kiyenke, ka zaɓi kifinka da hannunka a gasa maka a kan gawayi, a haɗo da bobolo, rogon nan da ake naɗewa a ganye. Kusa da nan ga hasumiyar fitilar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906 tana nan tsaye har yau.

Dalilin da ya sa nake cewa ku hanzarta, garin na canzawa. Tun 2003 bututun man Cadi mai tsawon kilomita 1,070 daga Doba nan yake ƙarewa, a 2018 kuma babbar tashar jiragen ruwa ta fara aiki a Mboro kudu da garin, manyan motoci sun yi yawa a hanya, ana ta yanka filaye a bakin ruwa ana gini.

Ku je tsakanin Disamba da Fabrairu da ruwan sama ya lafa. Sannan mu ba 'yan ruwa ba ne, igiyar teku na janye mutum daga ƙasa ko da sama ya yi lif, kada yaro ya wuce gwiwa kuma kada ku saki hannunsa.